Taɓin Hankali Ciwo Ne, Kuma Yana da Magani

A garuruwanmu idan mutum ya kwanta da zazzaɓi, ko ya faɗo daga babur ya karye, kafin la'asar gida ya cika da 'yan dubiya. Wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo lemo, bayan magariba liman ya sa a yi masa addu'a. Amma idan hankalin mutum ne ya taɓu, sai gida ya yi tsit. A saki labule, a ce wa baƙi ya yi tafiya, a gargaɗi yara kada su faɗa a waje. Haka abin yake a Lakwaya, haka yake a Getso da Kutama, haka yake a Garo da sauran garuruwan ƙasar Kabo. Masu yin haka iyaye ne da 'yan'uwa da tsoro ya kama. Ba su san abin da ya sami nasu ba, ba su san inda za su nufa ba, ga kuma gudun bakin mutane. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, don haka ya kamata mu fara da fahimtar ciwon kansa.

Mene ne taɓin hankali?

Tunani da tuna abu da barci da tsoro da farin ciki duk ayyukan ƙwaƙwalwa ne. Ƙwaƙwalwa kuwa sashe ce ta jiki, tana kamuwa da ciwo kamar yadda zuciya ko ƙoda ke kamuwa. Idan aikinta ya rikice har mutum ya kasa tafiyar da sana'arsa, ko ibadarsa, ko zamansa da iyali, shi ne likitoci ke cewa ya kamu da ciwon ƙwaƙwalwa. Mu mun saba kiran abu ɗaya kawai da hauka, wato wanda ya yar da tufafinsa yana yawo a kasuwa. Wannan ɗan ƙaramin kaso ne na masu ciwon. Mafi yawansu suna cikinmu, suna zuwa gona, suna bin jam'i, suna dafa tuwo, ciwon na cin su a ɓoye.

Cikin waɗanda suka fi yawa akwai ciwon damuwa. Ya bambanta da ɓacin ran yini ɗaya ko biyu. Baƙin ciki ne mai nauyi da yake zaunawa mako biyu ko fiye, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya riƙa ganin ba shi da amfani a duniya. A ƙasarmu sau da yawa mai wannan ciwo ba ya cewa yana cikin damuwa. Abin da yake faɗa shi ne kansa na zafi a tsakiya, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko gabansa na faɗuwa ba dalili. Sai a yi ta sayo masa maganin zazzaɓi da na shawara a kemis, wata da watanni, ba sauƙi.

Akwai ciwon fargaba, inda tsoro ke zaune wa mutum a ƙirji ba tare da abin tsoro a gabansa ba. Akwai firgicin bayan masifa, wanda ke kama wanda ya tsallake hatsarin mota, ko harin 'yan bindiga, ko fyaɗe: abin ya riƙa dawo masa a mafarki da ido biyu, ƙarar babur da dare ta sa shi zabura. Mu da muke iyaka da Jihar Katsina, inda hare-hare suka raba mutane da yawa da gidajensu, ya kamata mu san wannan ciwo sosai. Akwai kuma ciwon hawa da sauka, wanda mai shi kan yi makonni cikin zumuɗi da surutu da kashe kuɗi ba lissafi da rashin barci, sannan ya koma cikin baƙin ciki mai tsanani. Sai wanda likitoci ke kira sikizofireniya, inda mutum ke jin muryoyin da babu mai yin su, ko ya tabbatar a ransa cewa ana bin sa za a cutar da shi. Yakan fara ne daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu. A tsofaffi kuma akwai ciwon mantuwa, wanda ke sa tsohuwa ta manta sunan jikanta, ko ta fita da dare ta kasa gane hanyar gida. Tsofaffi da yawa an jefe su da zargin maita alhali wannan ciwo ne ke damun su.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 970 ne ke ɗauke da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa, wato mutum ɗaya cikin kowane takwas. Cikinsu kusan miliyan 280 ciwon damuwa ke damun su, kusan miliyan 24 kuma sikizofireniya. Hukumar ta kuma nuna cewa masu ciwon mai tsanani sukan rasu da wuri, shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, galibi saboda cututtukan jiki da ba a kula da su ba. A Nijeriya, mai mutane fiye da miliyan 200, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke.

Game da yadda mu kanmu muke kallon ciwon, akwai wani bincike da aka yi a nan Jihar Kano. A 2004 wasu likitoci suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa manya 250 a garin Karfi na Ƙaramar Hukumar Kura. Da aka tambaye su alamun taɓin hankali, abin da suka fi ambata shi ne faɗa da ɓarna, sai surutu, sai baƙuwar ɗabi'a, sai yawo. Da aka tambaye su musabbabinsa, kashi 34 cikin 100 suka ce shaye-shaye, kusan kashi 19 suka ce ƙaddara ko fushin Allah, kashi 18 suka ce sihiri ko aljanu. Kashi 46 sun ce asibiti ya kamata a kai mara lafiya, kashi 34 suka fifita maganin malamai da masu iskokai. Kusan rabinsu sun nuna tsoro ko ƙyamar masu ciwon. Amma binciken ya gano wani abu mai ƙarfafa gwiwa: waɗanda suka iya karatu sun ninka waɗanda ba su iya ba har sau bakwai wajen kallon mara lafiya da idon rahama. Karfi gari ne na manoma kamar namu, kuma darasin a fili yake. Idan sani ya ƙaru, ƙyama na raguwa.

Abin da muke faɗa da abin da yake gaskiya

Mukan ce duk wanda hankalinsa ya taɓu aljanu ne suka shige shi, ko sammu aka yi masa, ko kurciya aka yi masa ya bar gida. Wannan bayani yana saurin zuwa baki domin ciwon ba ya nuna rauni ko kumburi. Amma likitoci sun san hanyoyi da dama da ke kawo shi: gado, wahalar haihuwa, bugun kai a hatsari, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, shaye-shaye, mutuwar makusanci, bashi, duka da cin zarafi a gidan aure. Yawanci abubuwa biyu ko uku ne ke haɗuwa. Illar saurin cewa sammu ne ba ta tsaya ga jinkirin magani ba. Tana sa a zargi kishiya, ko matar uba, ko maƙwabci, zumunci ya lalace a kan zato.

Mukan ce raunin imani ne, mai tawakkali ba ya shiga damuwa. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Ciwon damuwa yana kama alaramma, yana kama ladan, yana kama mai tsayuwar dare. Idan muka ce wa mara lafiya imaninsa ne ya yi rauni, mun ɗora masa nauyin laifi a kan nauyin ciwo.

Mukan ce duk shaye-shaye ne. Gaskiya ne wiwi da sholisho da tiramadol da kodin suna rikita ƙwaƙwalwa, kuma matsalar babba ce a jiharmu. Binciken ƙasa kan shaye-shaye na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu a Kano, kuma a shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Sai dai masu taɓin hankali da yawa ba su taɓa ɗanɗana komai ba, kuma yi musu wannan shaida zalunci ne. Shi ma wanda ya kamu da jarabar ƙwaya mara lafiya ne da ke buƙatar magani, domin jikinsa ya riga ya saba, duka ba ya fitar da ita.

Mukan ce masu ciwon suna da haɗari. Kaɗan daga cikinsu, idan ciwon ya tashi ba a yi magani ba, sukan yi faɗa, kuma yawanci tsoro ne ke sa su. Mafi yawansu ba su taɓa cutar da kowa ba. Su ne ma aka fi cutarwa: yara su jefe su, a ƙwace musu gado, mata a yi musu fyaɗe a kango, wasu a kashe su bisa zargin sata saboda sun kasa bayanin kansu.

Mukan ce idan ciwon ya shiga gida ya shiga ke nan, don haka ba a neman aure a gidan. Gado yana ƙara yiwuwar kamuwa, amma ba ya tabbatar da ita. Ko a sikizofireniya, idan ɗaya daga cikin iyaye na da ita, kusan yara tara cikin goma ba sa kamuwa. Wannan tsoron na rasa mijin aure ga 'ya'ya mata shi ne babban dalilin da ke sa gidaje ɓoye mara lafiya har ciwon ya yi nisa.

Sannan mukan ce ba a warkewa. Ciwon damuwa da na fargaba suna jin magani ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum ɗaya cikin uku masu sikizofireniya yana warkewa sarai, wasu da yawa kuma suna komawa noma da kasuwanci da aure muddin suna shan magani, kamar yadda mai hawan jini ke shan nasa kullum ba wanda ya ƙyamace shi.

Mai jego da mai farfaɗiya

Akwai mutum biyu da ya kamata mu dube su da kyau. Ta farko mai jego ce. An yi suna lafiya, an watse, tana wankan jego tana shan kunun kanwa. Sai uwarta ta lura ba ta barci ko da jariri ya yi barci. Ta zauna ta ƙura wa bango ido, nono na zuba, jariri na kuka ba ta ɗauke shi ba. Wani lokaci ta ce ba nata ba ne, an canza mata. Nan da nan sai a ce ta gamu da iska a banɗaki, a kawo turare da hayaƙi. Wannan ciwo sananne ne a asibiti. Yana kama mace ɗaya ko biyu cikin kowace haihuwa 1,000, yawanci a makonnin farko, kuma na gaggawa ne domin ran uwa da na jariri suna cikin haɗari. Da magani mafi yawansu suna dawowa daidai su rungumi 'ya'yansu. Wanda ya fi shi yawa shi ne damuwar bayan haihuwa, mai kama fiye da mace ɗaya cikin goma, wadda sau da yawa ake ɗauka lalaci ne ko son jiki.

Na biyu mai farfaɗiya ne. Farfaɗiya ba hauka ba ce, rikicewar saƙonnin ƙwaƙwalwa ce na ɗan lokaci, amma ƙyamar da ake yi musu iri ɗaya ce. Yaro ya faɗi ranar kasuwa yana karkarwa, kumfa na fita a bakinsa, sai kowa ya ja da baya wai kada yawunsa ya taɓa shi. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Abin yi shi ne a janye shi daga wuta ko ruwa ko titi, a sa masa wani abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a danne shi. Idan jijjigar ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace.

Addu'a da asibiti

Babu mai cewa a bar addu'a. Addininmu ya koyar da cewa kowace cuta tana da magani, ya kuma umarce mu da nema. Shari'a ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe hisabi, ta ɗora wa danginsa kula da shi da tsare dukiyarsa. Magabata sun fahimci haka. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. A yi ruƙiyya, a yi sadaka, a kuma kai asibiti a mako guda, kada a jira sai an gama zagaya malamai da bokaye an sayar da akuya da buhunan dawa.

Abin da addini da likitanci duka ba su yarda da shi ba shi ne mari da turu da bulala. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, bayan haka aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyaye da yawa da kyakkyawar niyya suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje, don ba su ga wata hanya ba. Amma sarƙa tana cin ƙafa, tana ƙara firgici, ba ta taɓa warkar da kowa ba. Doka ma ta canza. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulki. Sabuwar dokar ta hana wulaƙanta mara lafiya da nuna masa bambanci, ta kuma ba shi haƙƙin a yi shawara da shi kan maganinsa.

Tun a 1954 wani likitan Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya nuna wa duniya amfanin dangi a wannan jinya. A Aro ta Abeokuta ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa, su zo shan magani da rana su koma cikin jama'a. Zaman tare da muke da shi a Lakwaya, inda kowa ya san kowa, irin wannan dama ce idan muka yi amfani da ita.

Abin da kowannenmu zai iya yi

Na farko shi ne lura da tambaya. Idan abokin majalisa ya daina fitowa, a je a same shi shi kaɗai: "Yaya, kwana biyu ba ma ganin ka, me ke damun ka? Faɗa mini, ba mai ji." Idan 'ya ce: "'Yar nan, na ga ba kya cin abinci, zo ki zauna mu yi magana." Sannan a saurara, ba tare da gaggawar yin wa'azi ba. Idan mutum ya ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu, kada a ɗauka wasa ne. Tambayarsa kai tsaye ba ta sa shi aikatawa, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Mutum fiye da 700,000 ke kashe kansu a duniya duk shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar ta hanyar shan maganin ƙwari. Mu manoma ne, maganin feshi na kusan kowane gida, don haka a kulle shi a inda ba kowa ke kai hannu ba.

Na biyu shi ne sanin inda za a je. A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko Babban Asibitin Gwarzo, domin wani lokaci zazzaɓi ne ko wata cutar jiki ta rikita mutum. Daga nan za a iya tura shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi da wanda ya san yadda ciwon ya fara, a faɗa wa likita komai, har abin da aka sha da inda aka riga aka je, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na uku shi ne haƙuri da magani. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga aikinsa. Wasu magungunan kan kawo yawan barci, ko sanƙarewar wuya, ko rawar hannu, ko dalalar yawu. Idan aka ga haka a koma wurin likita ya rage ko ya canza, kada a watsar. Yawan dawowar ciwon daga daina shan magani ne da zarar an ga sauƙi. Ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya, akwai allurar da ake yi wata-wata.

Na huɗu shi ne gyara bakinmu da halinmu. Mu daina tsokanar juna da cewa wane sai Dawanau, domin irin wannan wasa ne ke sa mai buƙatar zuwa can ya ƙi zuwa. Mu hana yara jifa da waƙar tsokana. Wanda ya sami sauƙi a ba shi aiki a gona, a saya a shagonsa, a gayyace shi ɗaurin aure, a ci abinci tare da shi. A kuma tuna da mai jinya, wadda yawanci uwa ce ko mata, a karɓe ta ko na yini ɗaya ta huta.

Akwai kuma nauyin da ke kan shugabanni. Limamai su sa wannan magana a huɗuba, malaman Islamiyya da ungozomomi su san alamun ciwon mai jego, dagatai da masu unguwanni su bincika gidajen da aka kulle wani a ɗaki, su taimaka da lalama a kai shi asibiti. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka su kuma yi maganin da dama daga cikinsu. Haƙƙinmu ne mu nemi ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano su kawo wannan horo da magunguna kusa da mu, domin kuɗin mota zuwa birni kowane wata yana hana talaka ci gaba da magani. Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, kuma ƙungiyoyin matasa da na mata za su iya amfani da ita su gayyato ma'aikacin lafiya ya yi bayani a ƙofar fada ko a makaranta.

Duk wata da aka ƙara ana ɓoyo, ciwon na ƙara kafuwa, maganinsa na ƙara wuya da tsada. Wanda ke da mara lafiya a gida yau, ya nemi ɗan'uwa ɗaya da ya amince da shi, su haɗa kuɗin mota, su kai shi asibiti a wannan makon. Sauranmu kuma mu sauƙaƙa musu wannan tafiya ta hanyar kame bakinmu da miƙa hannun taimako. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.